Marubutan ƙagaggun labaran kimiyya: hangen gobe suke yi ko lissafi?

Da wuya sabuwar na'ura ta fito ba a samu wanda zai tono tsohon littafi ko fim ya ce ai wane ya faɗa tun shekara 50 da suka wuce ba. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Jules Verne, marubucin Faransa. A 1865 ya fitar da labarin wasu mutum uku da aka harba zuwa wata daga jihar Fulorida ta Amurka, a cikin ƙwanso na alminiyom. A littafi na biyu suka zagaya watan, suka dawo suka faɗa tekun Fasifik, jirgin ruwan soja ya tsamo su. Bayan shekara 104, a watan Yulin 1969, kumbon Apollo 11 ya tashi daga Fulorida zuwa wata da mutum uku, ya dawo ya faɗa Fasifik, jirgin ruwan soja ya tsamo su. Wanda ya ji iya nan zai rantse Verne ɗan duba ne.

Gaibu sai Allah, kuma a nan ba a ma bukatar zuwa can, domin kowane yanki na wannan dace yana da asalin da za a iya bi. Gudun da Verne ya ba ƙwansonsa, kusan kilomita 11 a daƙiƙa, shi ne gudun da abu ke bukata kafin ya kuɓuce wa janyowar ƙasa, kuma duk mai ilimin lissafi a zamaninsa zai iya fitar da shi daga dokokin da Isaac Newton ya wallafa tun 1687. Fulorida kuwa ya zaɓe ta ne saboda yana son ya saita igwa sama tsaye, kuma wata ba ya zuwa daidai tsakar ka sai a ƙasashen da ba su wuce digiri 28 daga layin ikwaita ba. A Amurka wannan ya rage masa kudancin Fulorida da na Texas. Ita NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, dalilinta daban ne. Duniya tana juyawa zuwa gabas, kuma mafi kusa da ikwaita mafi saurin juyin, don haka rokar da aka harba gabas daga Fulorida tana samun kyautar gudun mita 400 da 'yan kai a daƙiƙa, sannan in ta tarwatse, cikin tekun Atlantika za ta zube maimakon kan gidajen mutane. Dalilai biyu mabambanta suka kai ga wuri ɗaya, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Inda ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne yadda Verne ya tura mutanen nasa. Igwa ya haƙa a ƙasa mai zurfin ƙafa 900, wato mita 274, ya cika ƙafa 200 na ƙasanta da wani irin albarushi na auduga. Abin da ya rage wa ƙwanso ya yi gudu a ciki bai fi mita 213 ba. A cikin wannan ɗan taƙi zai tashi daga tsaye cak zuwa kilomita 11 a daƙiƙa, kuma lissafi ya nuna duka abin zai ƙare cikin kashi 1 bisa 25 na daƙiƙa. Matsin da jiki zai sha ya haura ninki 20,000 na nauyinsa. Mutum mai kilo 70 zai ji kamar an ɗora masa tan 1,400, kwatankwacin lodin tirelar siminti fiye da 40. Matuƙin jirgin yaƙi da aka horar, sanye da rigar matsi, da ƙyar yake jure ninki 9 na ɗan lokaci. Da an gina igwar Verne, ko ƙashin matafiyan ba za a tsinta ba.

Maganin wannan shi ne a raba gudun a kan mintuna maimakon a ba da shi a bugu ɗaya, wato roka. Wani malamin makaranta a Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, ya wallafa lissafinta a 1903. Gudun roka ya dogara ne da abu biyu: saurin hayaƙin da take fesarwa ta baya, da yawan man da ta ɗauko idan aka gwada da nauyin gangar jikinta. Ƙa'idar ba ta da tausayi. Duk lokacin da kake son ƙarin gudu daidai da saurin hayaƙinka, sai ka ninka nauyin tashi kusan sau 2.7. Kananzir da oksijin suna ba da hayaƙi mai gudun kilomita 3 a daƙiƙa, shiga falaki kuma yana cin sama da kilomita 9 in an haɗa da asarar da iska da janyowar ƙasa ke jawowa. Ninka 2.7 sau uku, ka samu kusan 20: a kowane kilo 20 da ya bar ƙasa, 19 mai ne. Shi ya sa ake gina roka hawa-hawa, kowane hawa in mansa ya ƙare a yar da tankinsa. Saturn V da ta ɗaga Apollo hawa uku gare ta, tsawonta mita 110, nauyinta kusan tan 2,900, kuma abin da ya dawo duniya da mutanen bai kai tan 6 ba. Ta ɗauki kimanin minti 12 kafin ta shiga falaki, matsin kuma bai wuce ninki 4 ba.

Abin lura, Tsiolkovsky da kansa ya ce labarin Verne ne ya fara sa masa tunanin. Hermann Oberth, wanda littafinsa na 1923 ya tayar da harkar roka a Jamus, ya karanta Verne yana yaro. Robert Goddard na Amurka labarin H. G. Wells na mahara daga duniyar Mars ne ya kama shi yana matashi, kuma a ranar 16 ga Maris 1926 ya harba rokar farko mai amfani da man ruwa, ta yi daƙiƙa biyu da rabi a sama, ta kai tsayin mita 12 da rabi. Ke nan labarin ya taimaka wajen haifar da abin da daga baya aka ce ya hango. Masu karatunsa ne suka gyara kuskurensa suka gina.

Jirgin nutso na Verne, na littafin 1870, ya fi wannan sauƙin bayani: ya riga ya wanzu. Robert Fulton ya gwada wani a Faransa a 1800, sunansa ma Nautilus, kuma sojan ruwan Faransa sun saka nasu a ruwa a 1863. Verne ya girmama abin da ke akwai ne, ya ba shi lantarki da ɗakin karatu.

Misalin da ya fi kowane nauyi a ganinmu shi ne na bam ɗin nukiliya. A 1914 Wells ya fitar da The World Set Free, inda ya yi amfani da kalmar bam na ƙwayar zarra shekara 31 kafin Hiroshima. Bai ɓoye inda ya samo ba, domin ya sadaukar da labarin ga wani littafin masanin sinadarai Frederick Soddy na 1909 a kan sinadarin radiyom. Abin da masana suka sani a lokacin shi ne radiyom yana ɗauke da kuzari mai yawan gaske, amma yana sakinsa sannu-sannu a kan ɗaruruwan shekaru, kuma babu zafi ko matsi ko sinadarin da ke sa shi hanzari. Wells ya tambayi abu ɗaya: in fa aka samu hanyar hanzarta shi? Bam ɗinsa da hannu ake jefo shi daga jirgi, kuma ba ya fashewa lokaci guda, ci yake yi kamar dutse mai aman wuta, ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk kwana 17. Na gaske yana gama aikinsa cikin kimanin kashi 1 bisa miliyan na daƙiƙa. Hanyar dai Wells bai san ta ba, kuma babu wanda ya san ta a 1914, domin sai a 1932 James Chadwick ya gano niyutiron, wani ɗan ɓangare da ke cibiyar ƙwayar zarra.

A shekarar ce Leo Szilard, masanin kimiyya ɗan Hungary, ya karanta labarin Wells. A watan Satumban 1933, yana Landan, ya ga a jarida cewa babban masani Ernest Rutherford ya kira batun samun makamashi daga ƙwayar zarra tatsuniya. Cikin kwanakin nan tunanin ya faɗo masa: in akwai sinadarin da niyutiron ɗaya zai shiga cibiyar ƙwayarsa biyu su fito, to biyu za su haifi huɗu, huɗu su haifi takwas. Ya yi rajistar fasahar a 1934, amma sinadaran da ya fara zargi ba su ne ba. Sai a Disambar 1938 Otto Hahn da Fritz Strassmann suka tsaga ƙwayar yuraniyom a Balin, Lise Meitner da Otto Frisch suka fassara abin da ya faru. Ko bayan nan da sauran rina a kaba. A cikin yuraniyom ɗin da ake haƙowa, na Arlit a Nijar ne ko na Kwango, ƙwaya 7 kacal cikin 1,000 ce irin da ke tsagewa cikin sauƙi, wato U-235, kuma ba a iya tace ta da sinadari domin ita da 'yar'uwarta U-238 halinsu ɗaya, ɗan bambancin nauyi ne kawai tsakaninsu. Raba su ne ya ci masana'antu masu girman gari. Shirin Manhattan, wanda Amurka ta ƙera bam ɗin a ƙarƙashinsa, ya lashe kusan dala biliyan 2 na wancan zamani, da ma'aikata sama da 100,000. Wannan ɓangaren, wanda shi ne ainihin wahalar, babu shi a labarin Wells.

A Maris 1944 wata mujallar labaran kimiyya a Amurka ta buga gajeren labarin Cleve Cartmill mai bayanin bam na U-235, har jami'an tsaro suka je suka titsiye shi da editan mujallar. Bincike ya nuna daga mujallun kimiyya da ke a fili aka tattaro bayanan.

Arthur C. Clarke shi ake yawan cewa ya hango tauraron ɗan'adam na sadarwa, kuma gaskiya ne, sai dai ba a cikin ƙagaggen labari ba. Maƙala ce ta injiniya da ya buga a mujallar Wireless World a Oktoban 1945. Tushenta ƙa'idar Johannes Kepler ce ta 1619: gwargwadon nisan abu daga duniya, gwargwadon daɗewarsa kafin ya zagayo ta. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana nisan kilomita 400, tana zagayowa cikin minti 90. Wata yana nisan kilomita 384,000, yana cin kwana 27. To a tsakani dole akwai nisan da zagaye ɗaya zai yi daidai da juyin duniya na yini guda, shi ne kilomita 35,786 a saman ikwaita. Abin da aka ajiye a can, a idon mai kallo daga ƙasa, tsaye yake wuri ɗaya. Wannan ne dalilin da mai saita dish yake hawa rufin gida sau ɗaya, ya juya faranti a hankali har sigina ta cika, ya ɗaure noti, shi ke nan sai in iska ta goce shi. Don a ga girman matsalar da wannan ya warware, a tuna cewa kumbon Mercury na farkon shekarun 1960 ƙasa-ƙasa yake bi, yana wuce kowace tasha cikin 'yan mintuna, shi ya sa NASA ta jera tashoshin bin sawu a faɗin duniya, ɗaya daga ciki a Kano.

Clarke ya ce tashoshi uku, kowace digiri 120 daga 'yar'uwarta, sun isa su rufe kusan duk duniya, kuma haka ne. Amma ya ɗauka manyan tashoshi ne da mutane za su zauna a ciki. Na'urorin rediyo na 1945 da bawul suke aiki, kwalabe masu kama da ƙwan fitila da ke zafi suna ƙonewa, dole a samu mai canza su. Bayan shekara biyu kacal, a 1947, aka ƙirƙiro taransista, 'yar mitsitsiyar na'ura mai yin aikin bawul, a ɗakin binciken Bell, lissafin ya sauya gaba ɗaya. Tauraron Syncom 2 da aka harba a 1963 faɗinsa santimita 71 ne, kamar ganga, ba kowa a ciki. Ta kansa ne a ranar 23 ga Agustan 1963 Shugaba John Kennedy ya yi magana da Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, ta hanyar jirgin ruwan Kingsport da ke tsaye a tashar Legas, karo na farko da shugabannin gwamnati biyu suka zanta ta tauraron ɗan'adam. Rashin mai gyara kuwa yana da nasa farashin. NigComSat-1 na Najeriya, da aka harba daga China a Mayun 2007, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar farantan solarsa, kuma babu yadda za a aika makaniki. Sai da aka harba wani a madadinsa a Disambar 2011.

Wayar hannu ma ana jingina ta ga na'urar da 'yan wasan Star Trek ke buɗewa su yi magana tun 1966. Amma dabarar da ta sa wayar salula ta yiwu ta girmi fim ɗin: tun 1947 injiniyoyin Bell suka rubuta cewa a yanka gari ƙananan yankuna, kowane da ƙarfen sabis mai ƙaramin ƙarfi, yadda za a iya maimaita zangon rediyo ɗaya a yankunan da ba maƙwabta ba. Abin da ya hana shi ne rashin kwamfutar da za ta miƙa kira daga ƙarfe zuwa ƙarfe yayin da mutum ke tafiya, da rashin ƙaramin batir. Wayar da Martin Cooper na Motorola ya fara kira da ita a titin New York ranar 3 ga Afrilun 1973 ta haura kilo ɗaya. Da ta shiga kasuwa bayan shekara 10, dala 3,995 ake sayar da ita, cajin awa 10 ya ba ka magana ta rabin awa.

To ina motoci masu tashi da aka yi ta alkawari? Ba su zo ba, kuma dalilin ya bayyana babban kuskuren marubutan tsakiyar ƙarni na 20. Sun taso a zamanin da sufuri ke gudu kamar ba zai tsaya ba: daga jirgin 'yan'uwan Wright na 1903 zuwa taka wata shekara 66 ce kawai. Sai suka ja layin ya miƙe. Amma ɗaga abu mai nauyi yana da kuɗin da ba a ragewa. Mota in ta tsaya a go-slow ƙasa ce ke ɗauke da ita kyauta, mai tashi kuwa dole ta ci gaba da tunkuɗa iska ƙasa kowace daƙiƙa. Rigar roka da kamfanin Bell Aerosystems ya gwada a 1961 tana tashi da mutum, amma man da ke cikinta daƙiƙa 21 yake yi. Kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da kuzari kimanin wat-awa 12,000, kilo ɗaya na batirin litiyom kuwa kimanin 250. Ko an cire asarar injin fetur, wanda kashi ɗaya bisa uku ko ƙasa da haka yake mayarwa aiki, tazarar ta fi ninki 10. Sannan motar da ta mutu a hanyar Kano zuwa Zariya turawa ake yi gefen titi, a sama kuwa babu gefen titi. Jirgin fasinja na yau gudunsa kusan ɗaya ne da Boeing 707 na 1958, Concorde mai wuce gudun sauti kuma an yi masa ritaya a 2003.

Bayanai ba su da wannan nauyin. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Intel ta 1971 taransista 2,300 gare ta, ta manyan wayoyin yau ta haura biliyan 10. Nan ne ci gaban ya kwarara, kuma nan ne marubuta da yawa suka yi barci: akwai labaran shekarun 1950 da kumbo ke ratsa taurari alhali matuƙinsa yana duba littafin jadawali yana lissafi da fensir. Haka batun mutum-mutumi, wanda marubucin Czech Karel Čapek ya yaɗa sunansa, wato robot, a wasan kwaikwayo na 1920. An zaci aikin hannu zai zo da sauƙi, tunani ya yi wuya, sai abin ya juye: kwamfuta ta doke Garry Kasparov a wasan dara na chess a 1997, amma har yau ninke kayan wanki aiki ne mai ba mutum-mutumi wahala.

Kuma a riƙa ƙirga waɗanda ba su ci ba. Verne ya rubuta littattafai sama da 50. Ɗaya na tafiya tsakiyar duniya ne, alhali rami mafi zurfi da ɗan'adam ya taɓa haƙawa tsaye, a yankin Kola na Rasha, ya tsaya a mita 12,262, zafi ya kai digiri 180, kuma tsakiyar tana nisan kilomita 6,371. Wells ya rubuta injin tafiya cikin zamani, da mutumin da ba a gani, da wani ƙarfe mai tare janyowar ƙasa. Ba mai yawo da waɗannan a matsayin hujja. Wanda ya yi harbi dubu aka nuna maka goma da suka samu, ba ka ga gwanintarsa ba tukuna. A fili yake cewa marubuci ɗan zamaninsa ne, har a namu adabin: Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ya fito ne a 1969, lokacin da zancen kumbo ya cika rediyo.

Inda muke ganin waɗannan labarai sun fi cancantar yabo shi ne halin mutane. E. M. Forster a 1909 ya rubuta labarin al'ummar da kowa ke zaune shi kaɗai a ɗaki, yana hira da dubban mutane ta wani faifai mai nuna fuska, yana ƙyamar haɗuwa ido da ido. Bai san komai game da yadda za a gina na'urar ba, amma ya san mutum.

Saboda haka in an kawo maka labari an ce ga abin da ke tafe, tambayar da ke da amfani ita ce me ya tare hanya yanzu. In dokar halitta ce, a ajiye zancen: haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, babu abin da ke wuce shi, kuma tauraro mafi kusa da rana tafiyar shekara 4.2 ce ga hasken kansa. Kumbon Voyager 1, mai kilomita 17 a daƙiƙa, zai ci sama da shekara 70,000. In kayan aiki ne suka lalace, kamar a labaran farfaɗo da dainoso daga ƙwayoyin gadonsu, wato DNA, nan ma da wuya: DNA mafi tsufa da aka iya karantawa shekara miliyan 2 gare shi, manyan dabbobin dainoso kuwa sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. In ƙanƙanta na'ura ne ko saurin lissafi, tarihi ya nuna a sa ido, yana iya zuwa da wuri. In makamashi ne da kuɗi, abin yana yiwuwa amma tafiyarsa ta hawainiya ce.

Zaman mutane a duniyar Mars, wanda ake ta yayatawa yanzu, cikin wannan rukuni na ƙarshe yake. Babu dokar da ta hana. Amma damar tashi ba ta zuwa sai duk wata 26, tafiyar tana cin wata 6 zuwa 9, iskar can matsinta bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba, kuma kusan kashi 95 nata iskar kabon ce da ba a shaƙa. An gwada tatso oksijin daga cikinta: wata 'yar na'ura mai suna MOXIE a jikin Perseverance, motar binciken da NASA ta saukar a can, ta yi aiki sau 16 tsakanin 2021 da 2023, ta samar da giram 122 gaba ɗaya. Mutum ɗaya yana shaƙar kimanin giram 840 a yini, wato abin da aka tara cikin shekara biyu da rabi zai riƙe shi awa uku da rabi.